Almakashin Usta Rustam

Ƙarfe huɗu na asuba, Istanbul na minshari,
mu biyu a filin jirgi, ni da Usta Rustam,
mai gyaran injin saƙa, shekara talatin yana yawo
daga Denizli zuwa duk inda zare ya sarƙe.
Fasfonsa ya kumbura kamar gurasa.
Nawa sabo fil, ko hatimi ɗaya bai sha ba.

Ya ce: Ilgaz, buɗe kunnenka.
Jirgi ba ya jiran ɗan kowa.
Gara ka yi awa uku kana hamma
da ka iso kana haki an ja ƙofa.

Babbar jaka amana ce a hannun baƙo,
wata rana ta sauka Baku, kai kana Lahor.
Riga ɗaya, magani, cajar waya,
waɗannan su kwana a jikinka.
Ka ɗaura mata ƙyalle mai launi,
ga nawa ja, Feride ce ta ƙulla,
don baƙaƙen jakunkuna duk uwarsu ɗaya.

Takalmi mai igiya, bar shi a gida.
Bel, agogo, makulli, tsabar kuɗi,
tun kana layi ka zuba su a aljihun jaka,
kada ka tsaya gaban na'ura kana lalube,
mutum arba'in na hararar ƙeyarka.
Kuma karanta layi kafin ka shiga:
gajere mai keken jarirai uku
ya fi dogon nisa.

Gora, shanye ruwanta, wuce da ita fanko.
Akwai famfo a ciki.
Kuɗin ruwan kantinsu ya ciyar da kai rana guda a garinmu.

Allo ka yarda da shi, ba takardar hannunka ba.
Sukan sauya ƙofa babu sallama.
A Tashkent na taɓa zama gaban wata ni kaɗai,
ina murna na riga kowa,
ashe kowa na can wancan gefe yana hawa.

Yana cikin wannan muka iso bincike.
Na wuce sumul, kamar allura a alharini.
Shi kuwa na'ura ta riƙe jakarsa.
Jami'a ta sa hannu, ta zaro almakashi,
dogo, baƙi, ya sha tafin hannu har ya yi sheƙi,
na mahaifinsa, wanda ya yanki zaren farko
ranar da aka buɗe masaƙarsu.
Daren jiya ya rage gashin baki da shi,
barci ya sa ya jefa shi inda bai dace ba.

Ta nuna masa kwandon da ake zubarwa.
Ban taɓa ganin Usta ya rasa ta cewa ba.
Ya dubi kwandon, ya dubi agogon bango,
sai gashin bakin nan ya motsa.
Saura awa biyu da kwata.

Ya juya, ya koma ta inda muka fito,
ya naɗe almakashin cikin safa,
ya biya aka kai shi cikin kaya,
ya sake bin layi tun daga wutsiya,
bayan keken jarirai har huɗu.

Na jira shi da shayi a ƙofa ta sha huɗu,
wadda kafin ya iso ta koma ta ashirin.
Ya karɓi kofin, ya huce tuni.
Bai ce komai a kan abin da ya faru ba,
ni ma ban tanka ba.

Da aka fara kiran layinmu
ya zungure ni da gwiwar hannu:
Kira mahaifiyarka yanzu, kafin a ce a kashe waya.
Ba ta yi barci ba.
Tasu ba ta cikin tikiti, amma da su ake tafiya.